Wasan Poka: Yadda Ake Tunanin Tunanin Abokin Karawa

Yau maganar poka za mu yi, wasan kartar nan da ya shahara a Amurka. Kafin wani ya ce na zama ɗan caca, bari in faɗa tun yanzu: caca haramun ce, ba na yin ta, ba na kuma kiran kowa gare ta. Abin da ya ja hankalina tun ina jami'a shi ne lissafin da ke cikin wasan. John von Neumann, masanin lissafin da ya rubuta littafin nazarin dabarun wasa tare da Oskar Morgenstern a 1944, poka ya ɗauka a matsayin misali, domin a cikinta ba ka ganin abin da ke hannun wani.

A nau'in da ake kira Texas Hold'em, kowa yana da kati biyu a ɓoye, sannan a buɗe biyar a tsakiya na kowa da kowa. Ɗan koyo katinsa kawai yake kallo. Wanda ya ɗan goge yana tambayar kansa, me ke hannun wancan? Na gaba da shi kuma yana cewa, me wancan yake zaton ina riƙe da shi? Nan ne burga take shigowa, wato ka zuba kuɗi mai yawa alhali hannunka fanko ne, don ya tsorata ya ajiye nasa.

Ga misali na gaske. A 2003, a gasar duniya ta Las Vegas, saura mutum biyu: Chris Moneymaker, wani akanta daga jihar Tennessee da ba a san shi ba, da Sammy Farha, gogaggen ɗan wasa. Farha yana da 9 a hannu, ga wata 9 a tsakiya, kuma ita ce mafi girma a teburin. Moneymaker yana jiran kati ɗaya ya cika masa biyar masu alama iri ɗaya, sai katin ƙarshe ya fito bai zo ba. Ba shi da komai. Amma ya tura duk abin da ke gabansa tsakiya.

Farha ya daɗe yana tunani. Har ya faɗa da bakinsa cewa da alama katin da Moneymaker yake jira ne bai zo ba. Kun ji fa, ya canka daidai! Duk da haka ya ajiye. A nawa ganin, zuciyarsa ce ta ce masa sabon shiga ba zai yi kasadar gasar duniya a kan hannu fanko ba, kuma shi gwani ne, zai iya cinye yaron a hankali daga baya. Moneymaker ya ci gasar, ya tafi da dala miliyan 2.5.

To amma akwai tarko. Mataki ɗaya kacal ake so ka ɗara abokin karawarka. Idan ka shirya burga mai hawa uku wa wanda katinsa kawai yake kallo, ɓata lokacinka ka yi. Bai ma ji labarin da kake ba shi ba, zai biya ya ga hannunka.

Idan kuma gwani ne da gwani fa? Ni na san ka sani, kai ka san na san ka sani, abin ba shi da ƙarshe. Sai a koma lissafi. A ce akwai 100 a tsakiya, na zuba 100. Kai za ka biya 100 don ka ci 200, kenan ko sau ɗaya cikin uku ka kama ni ina burga, ba ka yi asara ba. Saboda haka idan na tsara cewa cikin kowane zubi uku irin wannan, biyu da hannu mai ƙarfi ne, ɗaya burga, to ko ka biya ko ka ajiye duk ɗaya ne a gare ka. Karanta fuskata ba zai amfane ka da komai ba.

Wannan hanyar kwamfuta ta bi. A watan Janairun 2017, manhajar Libratus, wadda Tuomas Sandholm da Noam Brown na jami'ar Carnegie Mellon suka ƙera, ta kara da ƙwararru huɗu a birnin Pittsburgh. Kwana 20 aka yi, hannu 120,000, ta kuma doke su. Ba ta ganin gumin kowa, ba ta jin rawar murya, amma tana yin burga, domin lissafi ya nuna mata wanda ba ya burga ba a biyan sa ranar da ya samu hannu mai kyau. A 2019 wata manhajar, Pluribus, ta yi irin wannan nasara a teburin mutum shida, wanda ya fi wuya sosai.

Tambayata gare ku kafin shiri na gaba: da ku ne Farha, kun canka daidai har kun faɗa da baki, za ku biya ko za ku ajiye? Sai na ji daga gare ku.