Kafin a Zama Likita: Wane Aikin Lafiya Ya Dace da Ɗalibin Gwarzo da Kabo?

A Gwarzo da Kabo akwai matasa, maza da mata, da suka gama sakandare da burin karanta likitanci, amma har yanzu suna jiran gurbi. Wasu na sake zana JAMB, wasu na IJMB. Guraben Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello ba su da yawa, domin hukumar kula da likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ke ƙayyade adadin ɗaliban da kowace makaranta za ta ɗauka. In an samu kuma, karatu ne na shekara 6 mai cin kuɗi. Don haka ba laifi ba ne ɗalibi ya nemi aikin lafiya da zai riƙa samun na kashewa. Sai dai aikin da ya dace da shi shi ne wanda ke da iyaka, yake ƙarƙashin kulawar ma'aikaci mai lasisi, kuma bai cinye masa lokacin karatu ba.

A Amurka sai ɗalibi ya gama digirin farko yake neman makarantar likitanci, kuma ana duba ko ya taɓa aiki kusa da marasa lafiya. A nan kuwa maki ne ke magana: sakamakon WAEC ko NECO, da makin JAMB a Turanci da Biology da Chemistry da Physics, sai tantancewar jami'a. Saboda haka aikin asibiti ba zai ƙara wa ɗalibi maki ko ɗaya ba. Amfaninsa biyu ne: kuɗin hidimar karatu, da sanin mutanen da zai yi wa aiki gobe.

Irin wannan aiki yana nan kusa. Kowace damina ana raba wa yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro gida-gida, wata-wata, kuma mutanen gari ake ɗauka a horar da su a biya su alawus. Haka zagayen rigakafin shan inna, wanda bai tsaya ba duk da cewa tun watan Yulin 2014 aka ga cutar ta asali a jihar Kano karo na ƙarshe, a Sumaila, kuma a 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Kowace tawaga na buƙatar mai rubuta ƙidaya da alamar gidaje, mata kuma sun fi samun dama tunda su ke shiga cikin gida. Ƙofar neman aikin ita ce sashen lafiya na sakatariyar ƙaramar hukuma, ko shugaban asibitin mazaɓa. Wanda ya yi irin wannan zagaye a ƙauyukan Getso ko Garo zai ji da kunnensa dalilin da ke sa uwa ta ɓoye ɗanta, ya koyi yadda ake lallashin maigida ba tare da raini ba. Wannan darasi ne da ba a samu a aji.

Hatsarin yana wajen kyamis da ƙananan asibitocin da ba su da rajista. Yaro kan fara da miƙa magani, bayan 'yan watanni ya koma yin allura, daga nan sai ƙarin ruwa, unguwa ta fara kiransa likita. Lasisin kyamis bai ba mai shagon kansa izinin duba mara lafiya ba, balle yaron shago. Allurar da aka yi ba daidai ba tana iya taɓa jijiya ta nakasa ƙafar yaro, kuma bayar da maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai shi ke sa maganin ya daina aiki. Hukumar PHIMA ta jihar Kano, mai kula da asibitoci masu zaman kansu, ta sha rufe irin waɗannan wurare. Mafi muni, wanda ya saba rubuta magani da ka yana zuwa makaranta da ɗabi'ar da malamansa za su sha wahalar kankarewa.

Za a ce alawus ɗin rigakafi bai taka kara ya karya ba, kuma yakan makara, alhali kyamis kullum akwai ciniki. Gaskiya ne, amma aikin rigakafi kwanaki kaɗan ne a wata, sauran lokacin na littafi ne, shi kuwa shago daga safe har dare yake riƙe mutum. Ɗalibin da ya rasa gurbi saboda maki kaɗan ya yi asarar da cinikin shekara ba zai mayar ba. Za a kuma ce sai mai hanya ke samun shiga aikin rigakafin. Wannan ƙorafi ne da ya kamata shugabannin lafiya na ƙananan hukumomin biyu su ji: a liƙa sanarwar ɗaukar ma'aikata a fili, a ware wa ɗaliban kimiyya kaso, a biya su kan lokaci. Wanda kuma yake son taɓa mara lafiya da hannunsa tun yanzu, ga makarantun koyon aikin lafiya, inda ake yin JCHEW a shekara 2, CHEW a shekara 3, a fito da lasisi. Sana'a ce mai daraja a kan kanta, ba gajeriyar hanyar zama likita ba.

Iyaye ma suna da nasu aikin. Kada su matsa wa ɗansu ya yi wa maƙwabta allura don kawai yana karatun kimiyya, kuma su yaba masa idan ya ce a kai mara lafiya Babban Asibitin Gwarzo. Matashin da ya iya cewa wannan ya fi ƙarfina tun yana shekara 19, shi ne za a iya damƙa wa rai idan ya kammala.