Galahanga a finafinai: tsakanin haziƙin Hollywood da dolon camama

Mai kallon finafinai a Unguwar Sanusi da ke Kaduna, ko a waya yake kallo ko a talabijin, yakan ci karo da mai lalurar galahanga a ɗaya daga cikin siffofi biyu. A finafinan ƙetare haziƙi ne da ƙwaƙwalwarsa ta fi kwamfuta. A na gida kuwa ba a ma kiran lalurar da sunanta. Dolo ne kawai da ake yi wa dariya, ko wanda aljanu suka shafa. Duka siffofin biyu sun yi nesa da yaran da iyaye ke fama da rainonsu a cikin gidaje.

Galahanga bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke girma, kuma alamominta kan bayyana tun kafin yaro ya cika shekara uku. Wani yaron yakan yi jinkirin magana, ko a kira sunansa ya ƙi waiwayowa, ko ya guji haɗa ido. Wani yakan maimaita motsi ɗaya, ya firgita da ƙarar janareta ko ta injin markaɗe, ya rikice idan aka sauya masa abin da ya saba. Akwai wanda zai yi karatu har jami'a, akwai wanda zai buƙaci mai kula da shi tsawon rayuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 na da ita. Gado na taka babbar rawa, kuma bincike ya wanke allurar rigakafi daga zargi: mujallar Lancet ta janye rahoton Andrew Wakefield na 1998 a shekarar 2010. Wannan batu na da nauyi a yankin da ya taɓa ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003.

Siffar haziƙi ta samo ƙarfi daga fim ɗin Rain Man na 1988, inda Dustin Hoffman ya fito a matsayin mutumin da ke lissafi cikin ƙiftawar ido. Abin ban mamaki, Kim Peek, mutumin da marubucin ya kalla ya gina labarin, daga baya masana sun ce wata lalurar ce daban yake da ita. Duk da haka zanen ya zauna. Shirin The Good Doctor ya kawo likitan tiyata mai baiwa, Koriya ta Kudu ta kawo lauya Woo a 2022. Masu irin wannan baiwa tsiraru ne ƙwarai cikin masu galahanga. Illar ita ce uwar da ɗanta bai iya ɗaure wandonsa ba sai ta kalla ta ce ai nata ba wannan ba ne.

Finafinan Indiya, waɗanda Hausawa suka fi shaƙuwa da su, sun ɗan fi kusantar gaskiya. Shah Rukh Khan a My Name Is Khan na 2010 da Priyanka Chopra a Barfi! na 2012 sun nuna mai lalurar yana so, yana aure, yana jin zafin wulaƙanci.

A gida lamarin ya fi muni. Finafinan camama sun daɗe suna cin abinci da ɗan wasa mai karkace baki, mai maimaita magana, wanda yara ke bi da ihu. Inda labari ya ɗauki abin da muhimmanci kuma, sai a ɗora shi kan kishiya da sammu, a ƙare da ruƙiyya yaro ya miƙe garau. Babu mai hana iyaye addu'a. Matsalar ita ce fim ɗin ya koya musu jiran warkewa ta dare ɗaya, alhali abin da likitoci suka tabbatar yana taimakawa shi ne gano lalurar da wuri, da koyar da magana da mu'amala sannu a hankali. Shekarun da aka ɓatar ana yawon neman magani su ne shekarun da ƙwaƙwalwar yaro ta fi karɓar horo. Ga Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa, cikin garin Kaduna, amma tsoron a ce an kai yaro "asibitin mahaukata" kan hana iyaye taka ƙofarsa.

Kafofin labarai ma suna da nasu kason. Sukan tuna da batun ranar 2 ga Afrilu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2007, sannan su manta. A irin wannan rana a 2025 aka baje zanen matashi Kanyeyachukwu Tagbo-Okeke a dandalin Eagle Square na Abuja, zanen da faɗinsa ya haura murabba'in mita 12,000 ya kuma shiga kundin Guinness. Ya cancanci yabon da ya samu. Sai dai labarin ya sake bin tsohuwar hanya, wato mai galahanga ba ya shiga jarida sai ya yi abin al'ajabi.

Labarin da ba a cika bayarwa ba na doka ne da kasafi. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ba su haƙƙin ilimi ba tare da warewa ba. Wa'adin shekara biyar da ta bayar na gyara gine-ginen jama'a ya cika a Janairun 2024. Malamin firamaren gwamnati da ke riƙe da aji maƙil da yara, ba tare da horo kan wannan lalura ba, har yanzu yakan ɗauki yaron da ya toshe kunnuwansa yana jijjiga a matsayin mai taurin kai, ya ɗauko masa bulala.