Aƙiƙ da Lantana: Yadda Ake Gane Duwatsun Ado

Gabatarwa
A dajin Birnin Gwari da ke yammacin Jihar Kaduna, masu haƙar zinariya sukan bi jijiyar farin dutsen ƙanƙara, domin a cikinta zinariyar take kwanciya. Wannan ƙanƙara ita ce uwar dangin wasu duwatsu biyu da matan Hausawa suka daɗe suna ado da su, wato aƙiƙ da lantana.

Asalinsu
Ta hannun fatake duwatsun suka shigo ƙasar Hausa. Tsohuwar hanyar ayari daga Nufe zuwa Zariya da Kano ta ratsa Birnin Gwari, kuma ita Clapperton ya bi a 1826. Aƙiƙ yana zuwa ne daga Kambay ta Indiya, sannan a ƙarni na 19 aka shiga kawo shi daga garin Idar-Oberstein na Jamus. Daga gare shi ake yin tsakiya da talhatana. Lantana kuwa jan dutse ne da a da Hausawa suka riƙa ɗaukowa daga yankin kogin Kwara a ƙasar Nijar ta yau, su kai Ilori, inda aka riƙa huda shi ana gogewa.

Hanyoyin Ganewa
Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne. Mai saye a kasuwa irin ta Kurmi yakan duba abubuwa huɗu:

1. Haske: idan aka ɗaga aƙiƙ sama, haske yakan ratsa shi, a ga zane-zane sawu-sawu. Lantana ba ya barin haske ya wuce, kuma sinadarin ƙarfe ne ya ba shi ja.
2. Tauri: dukansu sun kusa 7 a ma'aunin Mohs mai hawa 10. Wuƙa ba ta karce su, su ne ke karce gilashi.
3. Sanyi: dutsen gaske yakan yi sanyi a kumatu, roba kuwa ba ta yi.
4. Aibi: na gilashi yakan nuna ƙananan kumfa a ciki.

Kammalawa
Rashin wannan sani yakan sa a sayar da tsakiyar gado a kuɗin gilashi. Idan kayan suka ɓace, sunayensu ma sukan bi su. Don haka ya kamata malamin Hausa ya tattaro waɗannan kalmomi daga bakin tsofaffi.

Auna Fahimta
Kawo bambanci biyu tsakanin aƙiƙ da lantana.