Ja da Bayan Wasan Tashe a Birnin Bauchi: Dalilai da Sakamako

Tashe wasan kwaikwayo ne na gargajiya da yara da matasa ke yi idan watan azumi ya kwana goma, galibi bayan an sha ruwa. A Bauchi, kamar sauran biranen ƙasar Hausa, fagensa shi ne ƙofar gida da zaure da tsakar gida da bakin kasuwa. Maza kan bi majalisu da rumfuna, 'yan mata kuma su shiga gidaje wurin matan aure. Tukuicinsu hatsi ne ko 'yan kuɗi, wanda sukan tara su raba.

Kowane wasa da darasinsa. A Tsoho da Gemu, yaro kan manna auduga a haɓa ya dogara sanda, yana tuna wa jama'a hakkin gajiyayyu. Jatau Mai Magani na kwaikwayon mai tallar magani, yana jero sunayen itatuwa da saiwoyi. Samodara na 'yan mata ne, kan sha'anin aure, Macukule kuwa barkwanci ne tsakanin Bahaushe da Bagware. Akwai kuma tashen gwauro, mai zolayar wanda ya zauna ba mata. Muhammad Balarabe Umar ya tattara irin waɗannan a littafinsa Wasannin Tashe. A cikin raha, yaro kan taɓa malami ko attajiri ko dattijo da maganar da ba zai iya furtawa a wata rana ba, a yi dariya, saƙo ya isa.

Wasan ya ginu ne kan abu uku: gida a buɗe, dare mai aminci, da unguwar da aka san juna. Tsohon garin da Sarki Yakubu ya kafa a farkon ƙarni na 19 ya tara su duka. A unguwanni irin su Jahun da Nasarawa da Bakaro, gidaje a manne suke, kuma uwar gida ta san 'yar wane ce ta yi sallama. Dalili na farko na ja da bayan wasan shi ne faɗaɗar gari: da Bauchi ta zama babban birnin jiha a 1976, gari ya tsallake ganuwa. Sababbin unguwanni kamar Fadaman Mada sun cika da gidaje masu katanga da ƙofar ƙarfe, inda ayarin yara ba ya shiga sai da izini.

Dalili na biyu shi ne tsaro. A unguwar Dutsen Tanshi ta Bauchi aka fara arangamar Boko Haram da jami'an tsaro a watan Yulin 2009, sannan a ranar 7 ga Satumban 2010, ana cikin azumi, aka fasa gidan yarin Bauchi, fursunoni fiye da 700 suka tsere. Ga kuma 'yan sara-suka da masu ƙwacen waya. Iyaye da dama sun daina barin 'ya'yansu fita da dare. A Kano ma 'yan sanda sun sha hana tashe saboda ɓata-gari na fakewa da shi. 

Sauran dalilan sun shafi sauyin rayuwa. Fina-finan Hausa, da suka kankama tun 1990, da talabijin da wayar hannu sun kai nishaɗi har ɗaka. Tafsiri da tarawihi da Islamiyyar dare sun cika lokacin yara, wasu malamai kuma na ƙyamar cuɗanyar maza da mata da shigar ɗan daudu. Tsadar rayuwa ta rage abin da magidanci zai bayar.

Sakamakon farko shi ne raguwar ingancin wasan. Inda ake yinsa, sau da yawa an bar shiga da kwaikwayo, saura amshi da miƙa hannu, abin da ya sa wasu ke kallonsa a matsayin bara. Na biyu, ƙanana ba sa koya daga yayyensu, don haka waƙoƙi da sunayen tsirrai da ke cikinsu na ɓacewa. Na uku, matan da ke kulle sun rasa wata kafar nishaɗi da zumunci, unguwa kuma ta rasa hanyar gyara ɗabi'a ba tare da faɗa ba.

Sauyin bai rasa alfanu ba: yawon dare ya ragu, haka haɗarin da 'yan mata ke fuskanta. Barkwancin kansa ya koma rediyo da Facebook da TikTok, inda masu kallo suka fi yawa. Sai dai a can 'yan kaɗan ne ke wasa, sauran na kallo, alhali a tashe kowane yaron unguwa ɗan wasa ne. Saboda haka ɗorewarsa ta fi dogara ga makarantu da masu unguwanni su tsara shi da yamma, cikin unguwa, ƙarƙashin kulawar manya.