Yadda Ake Gyaran Famfo Mai Ɗiga

Tun zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, aka jawo ruwan Kogin Challawa zuwa cikin birni. Yanzu kuwa famfo ya kai gundumomi da yawa, wani daga gidan ruwa, wani daga tankin rijiyar burtsatse. Amma ruwa mai yawa yana salwanta ta bakin famfunan da ke ɗiga. An shirya wannan bayani domin hakimai da magatakardansu su fahimtar da dagatai da masu unguwa, su kuma su isar wa magidanta.

Wanda ke ganin ɗiga ba kome ba ne, ya tara kwalba mai cin lita 1 a bakin famfon. In ta cika cikin sa'a guda, to, lita 24 ke nan a kwana, watau lita 720 a wata, fiye da duro uku. Banda hasara, ruwan da ya kwanta shi ne mahaifar sauro mai kawo zazzaɓi, kuma yana cin gindin katangar ƙasa har ta faɗi.

A cikin famfo irin na murɗawa akwai wata 'yar roba mai huda a tsakiya, kamar tsohon kwabo, masu gyara suna kiranta washa. Idan aka murɗa kan famfo, sai sandar ciki ta danna robar bisa bakin ramin da ruwa ke ɓullowa, ta toshe shi. Yau da gobe robar takan cinye ko ta tsage, balle inda yashi ke biyo ruwa. Daga nan ɗiga ke farawa.

Kayan aiki su ne sufana, da sukudireba, da tsumma, da sabuwar washa. Yawancin famfunan gida na rabin inci ne, amma ya fi kyau a tafi da tsohuwar kasuwa a gwada.

1. A rufe babban makullin ruwa na gida ko na gindin tanki, sa'an nan a buɗe famfon har ruwan bututu ya tsiyaye.

2. A kwance sukurun da ke riƙe da hannun famfo, a cire hannun.

3. A riƙe jikin famfon da ƙarfi don kada bututu ya murɗe, a sa sufana a babban notin, a juya hagu har kan ya fito.

4. A cire tsohuwar washa, a goge mazauninta da tsumma, a sa sabuwa daidai girmanta.

5. A mayar da kome yadda yake, a ɗaure ba tare da tsanani ba, a buɗe makullin ruwa a hankali.

Idan ta wuyan famfo ruwa ke tsatsa, ba ta baki ba, sai a ƙara ɗaure ƙaramin notin da ke ƙarƙashin hannu kaɗan. In bai daina ba, a kwance shi, a naɗa farin tef na famfo a jikin sandar, a mayar. Idan kuwa an sa sabuwar washa ɗiga ba ta tsaya ba, mazaunin ne ya zaizaye, sai a kira mai gyara ko a sake famfo. Famfon zamani da ake juyawa kaɗan ya rufe ba shi da irin wannan washa, kayan cikinsa ake sakewa gaba ɗaya.

Lalle a gargaɗi yara da masu ɗiba su daina matse famfo da ƙarfi ko ɗaure shi da roba, domin wannan ke kashe washa da wuri. Bututun titi kuwa na hukumar ruwa ne, ba a taɓa shi. In ya fashe, mai unguwa ya sanar da dagaci, magatakarda ya rubuta wa hukuma nan da nan.

Ana roƙon hakimai su sa a riƙa duba famfunan masallatai da makarantu da kasuwanni sau ɗaya a wata, a rubuta waɗanda aka gyara.