Kalmomin Teku a Finafinan Yaƙin Sararin Samaniya

Tun da fim ɗin Star Wars ya fito cikin shekarar 1977, ƙananan kamfanonin sinima suka shiga yin irinsa da kuɗi kaɗan, watau labaran sojoji masu gwabzawa da 'yan fashi a sararin samaniya. Ƙarancin kuɗi ya tilasta musu aro. Roger Corman ya ɗebi hotunan jiragen Battle Beyond the Stars na 1980, ya sake amfani da su cikin Space Raiders na 1983. Haka kuma Space Mutiny na 1988, wanda aka ɗauka a Afirka ta Kudu, ya ari nasa daga Battlestar Galactica.

Amma aron da ya shafe mu shi ne na harshe. Abin da suka kasa nunawa sai su faɗa da baki, da kalmomin teku. Abin hawansu sunan jirgin ruwa yake amsawa a Turanci, shugabansa kyaftin ne, maharan kuwa sunan 'yan fashin teku suka gada. Mai kallo ya riga ya san waɗannan, ba sai an kashe kuɗi an bayyana masa ba.

Hausa ma haka ta yi. Jirgi asalinsa na ruwa ne, sa'an nan aka ce jirgin ƙasa, aka ce jirgin sama. Saboda haka malamin da zai fassara wa ɗalibansa irin wannan labari ba ya bukatar baƙuwar kalma. In ya ce jirgin sararin samaniya, ya ce 'yan fashi, ya wadatar.