Kafin A Haƙa Burtsatse, A Tambayi Ƙasa

Duk wanda ya taso a ƙauyukan Kiyawa ya san yadda igiyar guga ke ƙara tsawo da bazara. Rijiyar da ake ɗiba a sauƙaƙe bayan damina, kafin saukar ruwan fari sai an yi wa igiyarta ƙari. Abin da igiyar nan ke nunawa shi ne wasu malaman jami'a ke ƙarar da rayuwarsu wajen nazarinsa: hawa da saukar ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Tsakiyar Jigawa wuri ne mai wuyar sha'ani ga mai haƙa. A kewayen Dutse, duwatsu sun fito fili, ruwa kuma yana maƙalewa ne a tsagar dutse da inda ya ruɓe. Idan aka nausa arewa maso gabas, sai a shiga shimfiɗar yashi da laka ta kwarin Tafkin Chadi. Shi ya sa wani zai haƙa ya samu, maƙwabcinsa ya haƙa ya tashi a tutar babu.

Masanin da ke nemo inda ruwa yake ba duba yake yi ba. Yakan kafa ƙarafa huɗu a jere, ya tura lantarki cikin ƙasa ta na gefe biyu, ya auna da na tsakiya. Busasshen dutse yana tare lantarki, laka tana barinsa ya wuce salin-alin, yashi mai ruwa kuwa yana tsakani. Duk sanda ya ƙara tazarar ƙarafan, awon sai ya ƙara nutsawa. Bafaranshen nan Conrad Schlumberger ne ya fara gwada wannan dabara a 1912.

Sai dai samun ruwa rabin aiki ne. Yau burtsatse mai sola tana zuƙa tun hantsi har la'asar, noman rani yana ƙaruwa, masai da takin zamani kuma suna iya tsiyayewa cikin rijiya marar zurfi. Idan babu mai auna zurfin ruwa da tsaftarsa wata-wata yana rubutawa, ba za a farga ba sai famfo ya kafe.

Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, ga ta nan kusa. Ya dace ƙaramar hukumar Kiyawa ta ware wasu rijiyoyi a Shuwarin da Andaza da Katanga, ɗalibai su riƙa auna su. Littafin awo na shekara goma zai gaya wa manomi da mai haƙa inda za su zuba kuɗinsu.